Yadda ake sarrafa gurɓataccen ruwan rijiyoyin mai da iskar gas na dutsen shel

Har yanzu ba a fara haƙar mai ta hanyar fasa dutse da ƙarfin ruwa a Kebbi ko Zamfara ba, amma jihohin biyu suna cikin kwarin Sakkwato, wanda yake cikin yankunan da gwamnatin tarayya take sa ran samun mai, kuma dokar man fetur ta 2021 ta ware kuɗi na musamman domin binciken irin waɗannan yankuna. Saboda haka ya dace hakimai da jami'an muhalli da shugabannin ƙungiyoyin manoma su san yadda ake tafiyar da ruwan da irin wannan aiki yake fitarwa tun kafin injin farko ya iso.

Shel dutsen laka ne mai falle-falle wanda yake riƙe mai da iskar gas ƙam, kuma ba ya sakin su sai an tura masa ruwa da yashi da wasu sinadarai da matuƙar ƙarfi har ya tsattsage. Rijiya ɗaya takan ci lita miliyan 10 ko fiye. Wani kaso na ruwan yakan dawo a makonnin farko, daga nan kuma sai ruwan da ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa ya riƙa biyo man muddin rijiyar tana aiki. Wannan na biyun shi ne babbar matsala, domin litar ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, amma a yankin Marcellus na jihar Fensilbaniya ta Amurka akan samu fiye da giram 200, ga sinadarin bariyam, ga sinadarin rediyam mai fitar da wani tururi marar ganuwa da yake jawo ciwon daji.

Aikin farko shi ne awo, kuma ana yin sa ne kafin a soma haƙa. A ɗebi ruwan rijiyoyin gari da na burtsatse da na fadama, da rani da damina, a kai ɗakin gwajin da ba na kamfanin ba, sannan a ajiye kwafin sakamakon a hannun ƙaramar hukuma da masarauta. Idan babu wannan takarda, ranar da ruwan sha ya soma ɗanɗanon gishiri babu yadda za a tabbatar da cewa ba haka yake ba tun asali. A Kebbi abin ya fi muhimmanci, domin garuruwa da dama sun dogara ne ga ruwan da yake cikin shimfiɗar yashi ta ƙarƙashin ƙasa da ake kira Gwandu.

Sai ajiya. Tankin ƙarfe mai murfi ya fi kududdufi aminci, amma idan ya zama dole a haƙa kududdufi, a shimfiɗa masa roba mai kauri ninki biyu, tare da bututun da zai nuna yoyo a tsakaninsu. Kada a kafa shi a fadama ko a hanyar ruwa, kuma a rage abin da yake ciki kafin watan Yuni, domin wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta shafe gonakin shinkafa a Kebbi ya san cewa bango ba ya tare ruwan Agusta. Shinge kuma wajibi ne. Shanu da tumaki suna bin gishiri duk inda yake kamar yadda suke bin kanwa, don haka a sanar da arɗo-arɗo, a kuma samar da mashaya mai kyau nesa da wurin.

Tacewa tana tafiya ne daki-daki. Ana barin ruwan ya kwanta a yaye man da ya taso, a zuba sinadarin da yake dunƙule datti irin aikin da alif yake yi, a fitar da ƙarfe da bariyam, a tace, sannan a kashe ƙwayoyin cutar da suke cin bututu suna haifar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. A kula kada a gauraya shi da ruwan da yake da sinadarin salfet da yawa ba tare da gwaji ba, domin haɗuwarsa da bariyam tana daskarewa ta toshe bututu. Duk wannan bai cire gishirin ba, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, domin ruwan yakan fito garau alhali ba ya shayuwa.

A ganina hanya mafi dacewa ita ce a mayar da shi rijiya ta gaba, tunda fasa dutse ba ya buƙatar ruwa mai daɗi. Kamfanonin Fensilbaniya sun rungumi wannan ne bayan da hukumar muhallin jihar ta nemi su daina kai ruwan matatun ruwan ƙazanta na birane a 2011, saboda matatun ba su iya cire gishirin, sai dai su wuce da shi zuwa koguna. A 2016 hukumar muhalli ta tarayyar Amurka ta haramta hakan gaba ɗaya. Kowace lita da aka sake amfani da ita ta rage wadda za a ɗiba daga Gulbin Rima ko madatsar Bakolori lokacin noman rani.

Maganar ban ruwa da shi tana bukatar taka-tsantsan. Ana yin hakan a gundumar Kern ta jihar Kalifoniya, amma ruwan can yana fitowa ne daga rijiyoyin mai na gargajiya, gishirinsa kaɗan ne, kuma ana gauraya shi da wani ruwan. Na dutsen shel yakan fi ƙarfin matatar da ake tace ruwan teku da ita, sai dai a dafa shi a tara tururin, wanda yake cin makamashi mai yawa. Kada a yayyafa shi a kan titi domin kwantar da ƙura, kada kuma a bari gangunan da aka zuba shi su shiga kasuwa a ajiye ruwan sha a ciki.

Abin da ya saura ana tura shi rijiya mai zurfin gaske, ƙasa da inda ruwan sha yake, kuma wannan ma yana da nasa haɗarin. A jihar Oklahoma yawan turawa ya jawo girgizar ƙasa, har da mai ƙarfin maki 5.8 a kusa da garin Pawnee a 2016, don haka dole a taƙaita yawan ruwan da ƙarfin turawar, a kuma girke na'urar auna motsin ƙasa. Lakar da ta kwanta a gindin tanki kuwa a cikinta rediyam yake taruwa. Mutanen Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a 2010, sun san abin da ƙurar ma'adinai take yi idan ta shiga gida. A auna tururin rediyam na lakar, a binne ta a ramin da aka keɓe, kuma kowace tankar da ta ɗauki ruwa ko laka ta tafi da takarda mai nuna yawan kaya da inda za a sauke, a riƙa kwatanta ta da rajistar wurin saukewar a ƙarshen kowane mako.