Yadda za ki yi abin wuya da fasasshen tangaran

Ranar da finjalin gahawar Hajiyarmu, Allah ya jiƙanta, ya faɗi ya rabe uku ban iya zubar da shi ba. Na ɗauki ɓallin da ya fi tsawo na ɗaga a hasken taga, fari tas siriri kamar haƙori ko ƙashin tsuntsu, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, kuma a take na ji ina son abin. Yanzu shi ne a wuyana, duk bikin da na shiga nan Jidda sai wata ta tambaye ni wai ƙashin mene ne wannan.

Ai ko sunan da Bahaushe ya sa wa tangaran, faɗi-ka-mutu, kin ga dama akwai tuna mutuwa a cikinsa. Turawa ma sun yi irin wannan adon, da mijin Sarauniya Victoria ya rasu a 1861 baƙaƙen kaya ta riƙa sawa har ta mutu a 1901, matan Ingila suka shiga yayin sarƙar makoki ta baƙin dutsen garin Whitby, wasu har da gashin mamaci a ciki. Yanzu kuma akwai masu rataya kan 'yar tsana na tangaran ko ƙoƙon kai. Ni dai ba na yin surar abu mai rai, kuma a ƙasar nan ki kiyayi duk abin da ya yi kama da laya ko shuɗin idon nan da ake ratayawa don kambun baka, za a yi miki wata fassara.

To aikin. Ki fara tabbatarwa tangaran ɗin na gaske ne: haska masa tocilan ɗin waya ta baya, in haske ya ɗan ratsa shi to na gaske ne, don an gasa shi a wutar da ta haura digiri 1200 shi ya sa yake da tauri ba ya shan ruwa. In babu fasasshe a gida ki leƙa kasuwar Sawarik, ana samun tsofaffin kofuna da faranti da araha. Naɗe shi a tsohon tawul, sa tabarau, ki buga da guduma a hankali sau ɗaya, kar ki yi ta duka zai zama gari.

Gogewar baki ita ce aikin gaba ɗaya, nan ake gane mai haƙuri. Sandfefa mai jure ruwa, ki fara da mai kaushi lamba 120 sannan 400, kuma cikin roba da ruwa za ki yi ta gogawa saboda ƙurar tangaran tana illa ga huhu, kar ki yarda ki goga a bushe ko da minti ɗaya ne. Ki riƙa gwadawa a bayan hannunki, in ya karce ki to zai ja zaren abaya kuma zai yanki wuya. In akwai layin ruwan zinare a bakin kofin ki bar shi, shi ke ƙara masa kwarjini.

Huji sai da bakin injin huji mai lu'ulu'u (daimon), a hankali, ruwa na zuba. Na fasa guda huɗu kafin na iya, don haka in kina farawa kawai ki manna ɗan maƙalin ƙarfe a baya da gam ɗin nan mai haɗi biyu, ki bar shi kwana ɗaya cur.

In kofin tsoho ne mai ƙananan tsagu a fuska, jiƙa shi a baƙin shayi ya kwana, layukan za su fito ruwan ƙasa kamar jijiyoyi, wannan ne ya fi burge ni. Ki rataya da baƙin zare ko sarƙar azurfa, ƙarfe mai araha gumin Jidda zai mayar da shi kore cikin sati. Na ɗan kunne ki zaɓi ƙanana marasa nauyi, kuma in kina goyo ki tura abin wuyan cikin riga kar yaro ya kai baki.