Yadda ake sake gina unguwa bayan ambaliya tare da masu ita

Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumban 2024, mutanen Maiduguri sun ga yadda ruwa ke cinye gida cikin dare ɗaya. Tanti da leda na kwanakin farko ne. Gidan da za a daɗe a ciki kuwa, da masu shi ake zana shi.

Da farko a zauna da jama'a kafin a ja layi ko ɗaya a takarda. A gana da bulama ko mai unguwa, amma kada a tsaya nan. Mata a yi musu nasu zaman daban, mace ta jagoranta, domin su suka san inda madafa ta dace, da nisan da yarinya za ta iya zuwa banɗaki da dare ba fargaba. A Ngarannam ta jihar Borno, wadda aka sake ginawa a 2022 bayan ɓarnar Boko Haram, mai zanen gine-gine Tosin Oshinowo ta saurari mutanen garin, ta sa wa gidajen zaure. Wannan ba ado ba ne. In babu zaure, baƙo tsakar gida zai faɗa, matan gida su takura.

Sai a zaga da dattawa su nuna shatin da ruwa ya bari a bango. Daɓen sabon ɗaki ya ɗara wannan shati. In shatin ya kai ƙirjin mutum, a fara maganar sauya wuri, amma kusa da gona da kasuwa, in ba haka ba mutane za su koma inda suka baro.

Kayan gini, a nemi wanda ake samu kusa. A Pakistan, mai zanen gine-gine Yasmeen Lari ta yi wa waɗanda ambaliya ta shafa gidaje da gora da laka da farar ƙasa, har murhu ta ɗora kan dakali. A nan ma ginin ƙasa na yi, muddin an ɗaure gindin bango da dutse ko siminti, indararo kuma ya zubar da ruwa nesa da shi.

Ƙa'idar Sphere ta ma'aikatan agaji ta ce kowane mutum ya samu aƙalla murabba'in mita 3.5 a ƙarƙashin rufi, masai kuma ya nisanci rijiya da mita 30.

A fara da gida ɗaya na gwaji, a bar mutane su shiga su kushe, a gyara. Magina da leburori 'yan unguwar za a ɗauka a biya su, don gobe in bango ya tsage su za su yaɓe shi. Takardar fili kuma a damƙa ta ranar miƙa makulli, da sunan matar da mijinta ya rasu idan ita ke riƙe da gidan.