Kurakuran da mai riƙe da titunan birni ya fi yi

Duk wanda aka damƙa wa harkar sufurin birni, kwamishina ne ko shugaban hukuma, kuskurensa na farko yakan faro daga kujerar bayan mota. Direba ya ɗauko shi, gilashi a rufe, sai ya zaci matsalar gari ita ce gosulon da ya tsayar da shi. Daga nan ya kama ƙirga motoci ya manta da mutane. Alhali akasarin masu bin titin ba su da mota: 'yan makaranta, ɗan garuwa, mai tura baro, dattijuwar da ke tsaye bakin kwalta riƙe da hannun jikarta, ta sa ƙafa ta janye, ta sa ta janye. Gyaran wannan ba ya cin ko kwabo. Ajiye motar ofis, ka taka da ƙafa daga tasha zuwa kasuwa da rana tsaka, ka shiga adaidaita sahu ka biya kuɗinka kamar kowa.

Kuskuren da ya fi cin dukiya kuwa shi ne zaton cewa faɗaɗa titi ko gina gadar sama zai kashe cunkoso. Sauƙin na ɗan lokaci ne. Da zarar hanya ta buɗe, mai shiga bas ya fito da motarsa, mai zagayawa ta wata unguwa ya dawo nan, titi ya sake cika. A Houston ta Amurka an kammala faɗaɗa babbar hanyar Katy a 2008, ta shiga sahun tituna mafi faɗi a duniya, amma cikin 'yan shekaru cunkoson safe da yamma ya dawo. Seoul ta Koriya ta Kudu ta yi akasin haka: a 2003 ta fara rushe wata hanyar sama, ta fito da rafin Cheonggyecheon da aka rufe a ƙarƙashinta, a 2005 wurin ya zama na masu tafiya a ƙasa. Ban ce kada a gina gada ba, akwai mahaɗar da ke buƙatarta. Amma kafin ka sa hannu a kwangila, a nuna maka ta inda mai ƙafa zai tsallaka, da inda masu kayan da ke wajen za su koma.

Wasu kuma ba sa motsi sai an ware musu biliyoyi. Janette Sadik-Khan, wadda ta shugabanci hukumar sufurin New York daga 2007 zuwa 2013, da fenti da kujerun shan iska ta fara. A 2009 ta rufe wa motoci wani sashe na titin Broadway a dandalin Times Square, a matsayin gwaji, aka auna gudun motoci da yawan haɗari kafin rufewar da bayanta. Sai da alƙaluma suka nuna abin ya yi kyau aka mayar da shi na dindindin. Wannan dabara na burge ni, don in gwajin bai yi ba, fenti kawai za a goge. Siminti kuwa in ya bushe, sai a yi ta zama da kuskuren shekara da shekaru.

Sai haramta abu ba tare da tanadin madadinsa ba. Da aka hana acaɓa a Kano a Janairun 2013 saboda tsaro, mutane ba su daina fita nema ba; adaidaita sahu ce ta cike gurbin, ta zo da nata cunkoson. Ka zauna da direbobi da 'yan kamasho tun kafin ka yanke hukunci, ba bayan sun tafi yajin aiki ba. Da Legas ta buɗe layin bas na BRT, wato bas masu bin hanyar da aka keɓe musu, daga unguwar Mile 12 zuwa CMS a 2008, ƙungiyar direbobi na cikin waɗanda aka bai wa tafiyar da motocin.

Kada kuma ranar yanke kintinkiri ta zame maka ƙarshen aiki. Ka ware kuɗin yashe lambatu kafin damina ta faɗi, ka sa wanda zai riƙa zagayawa da dare yana rubuta fitilun da suka mutu.