Sikeli yana yaudararku: kurakurai wajen gano zubewar tsoka a jikin mai doguwar jinya

Wallahi na gaji da ganin masu koyon aiki suna ɗora majinyaci kan sikeli, da sun ga kilo bai ragu ba sai su rubuta wai babu rama. Haba! Mai ciwon hanta da ruwa ya cika wa ciki, mai ciwon zuciya da ƙafa ta kumbura, mai wankin ƙoda, duk ruwa ne ke riƙe musu nauyi, tsoka kuwa tana ta zubewa ba a sani ba. Akwai wani dattijo mai ciwon hanta da muka yi watanni muna murna nauyinsa ya tsaya, sai ranar da aka zuƙe ruwan cikin muka ga dantse ya koma kamar kara, tashi daga gado ma sai an kama shi, ga lokacin da ya kamata a fara masa atisaye da gyaran abinci ya wuce. Ni yanzu kafaɗa da cinya da gefen goshi nake fara dubawa. Mai teɓa ma kada ya ruɗe ku, kitse yana ɓoye ramar.

Sai masu tsallake gwajin ƙarfi. Ƙa'idar masana na Turai ta 2019 kan sakofeniya, wato zubewar tsoka da ƙarfinta, ƙarfi ta sa a gaba: damƙar hannu ƙasa da kilo 27 ga namiji, 16 ga mace, ko mutum ya wuce sakan 15 bai tashi daga kujera sau biyar ba. Daga nan ake tabbatarwa da hoton DXA mai auna yawan tsokar jiki ko makamancinsa, in tafiyarsa ba ta wuce mita 0.8 a sakan ba to abin ya yi tsanani. Gwajin tashin nan kujera da agogo fa kawai yake buƙata, amma sai ka ji ana cewa ba na'ura. Lalaci ne.

Kada kuma ku haɗa sakofeniya da kakeksiya, wato ramar da cuta ke jawowa, irin ta mai ciwon daji, wanda ya zubar da sama da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a wata 6, ita cutar ce ke cin jikin, ɗura abinci kaɗai ba ya dawo da shi.

Albumin, furotin ɗin da ake aunawa a jini, ya sauka ba hujjar rama ba ce, ciwon ma da kansa yana saukar da shi. Kiriyatinin, sinadarin jini da ake duba aikin ƙoda da shi, ƙasa-ƙasa a jikin ramamme bai nuna ƙoda lafiya take ba. Awon sha-raɓa a kumburarriyar ƙafa ɓata lokaci ne, na'urar BIA mai auna tsoka da ɗan ƙaramin lantarki ma ruwan jiki yana rikita ta, shi ya sa mai wankin ƙoda sai an gama wankin nake auna shi.