Abin yi idan aka sayar da dandalin musayar gida ko ya rufe

Ni malamar makaranta ce a Leeds ta Ingila, kuma na daɗe ina musayar gida. Idan dogon hutu ya zo, wasu iyali daga wata ƙasa su sauka a gidana, ni da maigida da yara mu sauka a nasu, babu mai biyan wani ko sisi. Dandalin intanet ne dillalinmu, kuma dillalan nan sun yi ta haɗiye juna. GuestToGuest na Faransa ya sayi HomeExchange a 2017, a ƙarshen 2018 suka koma dandali ɗaya da sunan HomeExchange. Sai ya haɗa da NightSwapping a 2019, sannan Love Home Swap na Landan a 2023.

Wani ƙaramin dandali da na fara da shi ya rufe, na yi sakaci da saƙon sanarwar. Ranar da na leƙa, babu komai. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne shaidar da mutane suka rubuta a kaina. Wata dattijuwa daga Sifen ta rubuta yadda ta tarar da tukwanena a jere, da 'yar takardar da na manna a firji ina roƙon kada a dafa naman alade a cikinsu, ta ce har ta sayo nata kaskon don ta mutunta gidan. Irin wannan shaidar ce ke sa baƙo ya miƙa maka makullinsa. Shaidar ta tafi, lambar matar ma ta tafi.

Saboda haka tun yau, kafin ka ji ƙishin-ƙishin ɗin ciniki, ka ɗauki hoton kowace shaida da aka yi maka, da suna da kwanan wata a jiki, ka adana a wayarka da kwamfuta. Hotunan gida da bayanin da ka rubuta a kansa su ma ka ajiye kwafinsu. Duk wanda kuka taɓa musaya lafiya, karɓi lambar wayarsa da imel ɗinsa. Ni yanzu littafi gare ni na musamman, yana cikin durowar kicin.

Da sanarwa ta iso, fara da maki. Dandali da yawa suna ba da maki idan ka sauki baƙo, ka kashe su a wani gidan. Na HomeExchange sunansu GuestPoints. Makin nan ba kuɗi ba ne, ba a cire su a banki, kuma sabon mai dandali ne ke yanke yadda za a canza su. Karanta sanarwar a tsanake, ɗauki hoton adadin da kake da shi. In rufewa za a yi gaba ɗaya, kashe su kafin ranar, ko da kwana uku ne a garin da ke kusa.

Musayar da aka riga aka tsayar ita ce mai haɗari, musamman in ka yanki tikitin jirgi. Kira mutanen, ku ji muryar juna, sannan ku rubuta a imel: ranar zuwa, ranar tafiya, wa zai ba da makulli, wa zai biya in wani abu ya fashe. Tambayi dandalin a rubuce ko lamunin kariya da ya yi alkawari yana nan har ranar tafiyarku, ka kuma sanar da kamfanin inshorar gidanka.

Duba katin banki, kada kuɗin rajistar dandalin na shekara ya ci gaba da fita da kansa. A Birtaniya da Tarayyar Turai doka ta ba ka damar neman kwafin bayananka, ko ka ce a goge su, kuma yawanci wata guda ne wa'adin amsa. Adireshin gidanka da ranakun da ba ka nan suna ciki, don haka ni nakan nemi kwafin, sannan na ce a goge.

Ina kuma da rajista a wuri biyu. Intervac da HomeLink, su ma na musayar gida ne, tun 1953 suke aiki, zamanin da ake buga sunayen gidaje a littafi ana aikawa ta gidan waya. Kuɗin rajista biyu yana da nauyi, amma bai kai na otal kwana biyu da yara uku ba.