Yadda Ake Magance Ƙurajen Fuska Bayan Shekarun Ƙuruciya

Ƙurajen da ke fitowa bayan mutum ya haura shekara 25 sun fi addabar mata, kuma galibi a haɓa da gefen muƙamuƙi suke taruwa, su tsananta gab da zuwan jinin al'ada. Kafin a zargi abinci, a fara duba abin da ake shafawa. Mayukan bilicin da yawa na ɗauke da sinadarin sitiroyid, irin su clobetasol, wanda ke haddasa ƙuraje ya kuma sa fata ta yi sirara. Haka nan man shafawa mai kauri da ake laftawa da hunturu yana toshe ƙofofin fata.

Daga nan sai a koma kan kwano. Abin da bincike ya fi dangantawa da ƙuraje shi ne abincin da ke ɗaga sukarin jini da sauri, wato lemon kwalba, farin burodi, shayi mai sukari da yawa da farar shinkafa, domin hauhawar insulin, sinadarin da jiki ke fitarwa don daidaita sukarin jini, na sa fata ta ƙara fitar da maiƙo. Ba a ce mutumin Bauchi ya rabu da masa ba, amma ya rage yawanta, ya riƙa sauya ta da wake, tuwon dawa, acca ko kwaɗon zogale. Wanda ya lura madara na tayar masa da ƙuraje, sai ya dakatar da ita na wata biyu ya gani.

Kindirmo da yogot marasa sukari na ɗauke da bakteriya masu amfani ga hanji, irin su Lactobacillus, waɗanda wasu ƙananan nazarce-nazarce suka nuna suna iya rage kumburi a fata. Taimako ne, ba magani ba, kuma sukarin da ake zubawa a fura yana rage amfanin. A tabbatar an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, saboda ɗanyen nono na iya yaɗa tarin fuka.

A wanke fuska sau biyu a rana da sabulu mara ƙarfi, a daina matse ƙurji domin baƙin tabonsa ya fi shi daɗewa, sannan a shafa maganin ƙuraje na benzoyl peroxide mai ƙarfin kashi 2.5 ko 5 cikin ɗari, a ba shi mako 8 zuwa 12. Idan ƙurajen manya ne masu ciwo, ko sun zo tare da rikicewar al'ada da fitowar gashi a haɓa, a ga likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Mai juna biyu kuwa kada ta kusanci magungunan ƙuraje na isotretinoin ko doxycycline.