Kurakuran da mata irina ke yi idan magana ta yi nauyi

Kusan kowane mako sai wata ta yi sallama a gidana na unguwar Zariya a Maraɗi bayan la'asar, ta zauna bakin tabarma idonta jawur, ta ce, "Yaya, na yi magana, ta ɓaci." Mata ne masu shekara 40, 45, 50, wasu malaman lakwal, wato makarantar boko, wasu ma'aikatan asibiti, wasu masu shago a babbar kasuwa. Sun aurar da ɗiya, suna jinyar uwa, ga maigida, ga shef, wato shugaba, a wurin aiki. Idan na saurare su sai in ji kuskuren da na yi ne suke maimaitawa, har na gaji da faɗa wa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na rubuta.

Wanda ya fi cin mu shi ne tara magana a ciki. Tun muna yara ake ce mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma gaskiya ne, kawaici ado ne. Amma akwai shirun da tsoro ne kawai muke kira haƙuri, kuma ranar da ya fashe ba ya zaɓen wuri.

A 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, aka rufe iyakarmu da Najeriya. Hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina ta tsaya cak, Najeriya ta yanke mana lantarki, duk wanda abincinsa ke kan wannan hanya ya ji a jikinsa. Ƙanin maigidana, mai ɗauko kaya daga Kano, ya same ni ya ce jarinsa ya karye. A makon na kwashi adashe. Na shiga ɗaki na ƙirgo jika 600, wato sefa dubu 600, na miƙa masa, babu shaida, babu takarda, ko maigidan ban gaya wa adadin ba. Ya ce da zarar an buɗe iyaka zai mayar. Aka buɗe a watan Maris na 2024. Na yi shiru. Ya sayi sabon babur, na gani, na yi masa murna da baki, cikina na tafasa. Wata takwas ina gaishe shi da fara'a, da dare ina juyi a gado ina lissafi. Sai ranar sunan ɗansa, gida cike da dangi, na ga an sauke buhunan shinkafa da rago mai ƙaho, ban san lokacin da na miƙe ba. A gaban uwar mijina na faɗi komai da ƙarfi, har da abin da bai shafi kuɗin ba. Shi kuwa cikin sanyin murya ya ce jika 400 ne, kuma ya ɗauka gudummawa ce. Daga ranar aka daina maganar bashinsa, aka koma maganar rashin kunyata. Jika 250 kawai suka dawo hannuna, su ma sai da babban wansu ya sa baki, kuma shekara guda surukata na amsa gaisuwata a taƙaice.

Yanzu ba na barin magana mai nauyi ta wuce Juma'a ɗaya a cikina. Ina samun mutum shi kaɗai, in gaishe shi yadda ya kamata, in tambayi iyali, sannan in ce, "Na zo ne kan kuɗin nan. Jika kaza ne. Yaushe za ka fara, kuma nawa-nawa?" Daga nan sai in kama bakina. Nan ne da yawa ke faɗuwa, shirun ya yi musu nauyi, su yi sauri su ce "ai ba komai, in ka samu." To kin yafe ke nan ba ki sani ba. Bari shi ya cike shirun. Kuma don Allah ku rubuta bashi, ko na ɗan'uwanku uwa ɗaya uba ɗaya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take, wace kunya ce ta fi ta? Ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a nan jiharmu ta Maraɗi a 1991 abin da ya riƙe su ke nan, ana ƙirga kuɗi a gaban kowa, kowa ta ji adadi da kunnenta.

Na biyu kuwa, wanda nake jin kamar in ƙwace wayar mace in ɓoye, shi ne vokal, wato saƙon murya. Haba jama'a! Mace mai jikoki ta kwanta ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ranta a ɓace, ta danna WhatsApp ta zuba minti huɗu. Ni ma na yi. A wurin da nake aiki an ɗauki wata da ba ta shekara biyu ba aka tura ta horo Yamai, ni mai shekara 17 a aikin aka tsallake ni. Maimakon in ƙwanƙwasa ƙofar shef, sai na aika wa abokiyar aikina vokal, na ce yaro ne, sa'an ƙanina, bai san darajar manya ba. Kafin azahar ta gobe muryata na cikin wayarsa. Bai ce mini uffan ba, amma shekara biyu sunana bai sake shiga jerin kowace tafiya ba. Magana zarar bunu ce tun can da, balle yanzu da ake ajiye ta a tura. Abin da ba za ki iya maimaitawa a gaban mai shi ba, kada ki naɗa.

Idan maganar aiki ce, ki nemi ya ba ki lokaci, ki shiga ki rufe ƙofa, ki kira shi shef ko da kin girme shi da shekara 15. Kada "na haife ka" ta fito daga bakinki, daga nan ya daina jin sauran. Ki je da magana ɗaya tak, ranakun da abin ya faru a rubuce a takarda. Ni har a gida nake faɗin jimlar farko sau uku ina wanke-wanke, don kada muryata ta yi rawa. In abin ya kai ga hana albashi ko kora a kamfani, akwai dokar ƙwadago ta 2012 da ofishin sufeton aiki, in ma'aikaciyar gwamnati ce ki fara da wakilin sandikarku, wato ƙungiyar ƙwadagonku. Can ma takarda za su tambaye ki.

Sauran ƙanana ne amma suna ɓata miya. Kada ki tare maigida da magana ya shigo daga rana a watan Afrilu, zafi ya haura 40, bai sha ruwa ba. Kada a gaban yara, kada a ranar girkin abokiyar zamanki. Kada ki aiki yaro da saƙon da ke ya kamata ki kai. Ki bar "kullum kai", ki faɗi abin da ya faru ranar Talata. Kada ki buɗe da ban haƙuri sau biyar alhali ke aka yi wa laifi. Kuma mu da ke tsakanin 45 da 55, lokacin ɗaukewar al'ada, barci na yankewa, zafi na taso wa mutum tsakar dare, fushi na zuwa da sauri. Daren da ban yi barci ba, washegari ba na zaman wata magana mai nauyi, ina ɗage ta zuwa jibi. Amma duk wanda ya ce miki "tsufa ne ke damunki" don ya kauce, ki ce masa to, ki mayar da shi kan maganar.

Sai gado, inda na ga mata masu baki a kasuwa sun zama kurame. Uba ya rasu ya bar gona a Jiratawa ko Tibiri, 'yan'uwa maza na nomawa shekara da shekaru, ke kina karɓar damin gero biyu kina godiya. Rabonki rabin na namiji ne, matar mamaci kuma tumuni take da shi, wato kashi ɗaya cikin takwas, in akwai 'ya'ya, ba alfarma ba ce. Ki tayar da maganar da rani, kafin a yi shuka, don in iri ya shiga ƙasa za a ce ki bari sai an girbe. Ki je da baffanku ko kawunku da malamin da ya san rabon gado, a auna gonar a gabanki, a rubuta, kowa ya sa hannu.